Koriyar Datsun ta Riyal 420,000: Yadda Aka Gina wa Kawu Farashi a Jidda

Motar da ake magana a kanta Datsun 240Z ce ƙirar 1971, koriya, mai kujera biyu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya saye ta a Jidda cikin Oktoban 2022 a kan riyal 420,000, shi da abokan tarayya biyu. Bayan wata ashirin aka sayar da ita riyal 155,000. Ni nake riƙe littafin shagonsa na kayan gyaran mota a Sina'iyya, unguwar makanikai da masana'antu, saboda haka duk takardar da ta shiga ko ta fita a wannan ciniki ta bi ta hannuna, kuma akwai wani lissafi da ni na zauna na yi shi, wanda ya taimaka wajen tura mu ramin. Na nemi izinin Kawu kafin in ɗauki alƙalami. Ya ce in faɗi komai yadda ya faru, amma kada in kama sunan kowa, ko na wanda ya cuce mu.

Masu kuɗin

An haifi Kawu a Misfala, cikin Makka. Kakansa ya taso daga ƙasar Kano a ƙasa, ya ratsa Cadi da Sudan yana noma yana tara guzuri, ya tsallako Bahar Maliya daga Sawakin, ya yi aikin hajji, bai koma ba. Kawu ɗan ƙasa ne, Hausawi ne a katinsa, kuma shekara talatin ke nan yana sayar da birki da fitila da famfon ruwa. Ya san mota kamar yunwar cikinsa, amma motar hawa ya sani, wadda ake duba injinta a tambayi kilomita nawa ta ci a yi ciniki. Tsohuwar motar tsere ta ajiya wata kasuwa ce dabam, mai nata ma'auni, kuma bai taɓa shigarta ba.

Son motar kuwa na gaskiya ne. Yana yaro ya ga irinta a Titin Madina, ya bi ta da ido har ta ɓace, kuma tun ina ƙarami nake jin labarin a bakinsa. Ba shi kaɗai ba ne. A duk yankin Galf akwai dattawa da suke wa Datsun Z irin kallon da mutanen Kano suke wa Fijo 504. Wannan ƙauna ita ce gindin kasuwar baki ɗaya: abin da yaro ya yi sha'awa bai samu ba, shi yake nema idan ya kai hamsin ya yi kuɗi.

Kawu ya zuba riyal 220,000. Wani amininsa mai motocin jigilar alhazai ya zuba 120,000. Ragowar 80,000 ta Inna ce, yayar Kawu da mahaifiyata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku. Awarwaronta goma sha biyu na zinariya ta sayar. Ba wanda ya roƙe ta. Ta ji ana lissafin riba a falo bayan sallar isha'i, ta ce, "Alhaji, in dai alheri ne kada ka bar ni a baya." Shi kuma ya ji nauyin ya ce wa yayarsa a'a a kan abin da ya yi imani riba ce.

Lambar da ta fara shiga waya

Komai ya faro daga hoto ɗaya da dillali ya turo wa Kawu ta WhatsApp. Hoton gaskiya ne: a Janairun 2020 an sayar da wata Datsun 240Z ƙirar 1971, koriya, a gwanjon intanet na Bring a Trailer a Amurka, a kan dala 310,000. Riyal a ɗaure yake da dala a 3.75 tun 1986, don haka lissafin ba wuya, riyal 1,162,500 ke nan. Ƙarƙashin hoton dillali ya rubuta: "Alhaji, ƙanwarta tana nan Jidda, kuma mai ita bai san abin da ke hannunsa ba."

Abin da hoton bai nuna ba shi ne dalilin wannan farashi. Waccan motar mil dubu 21 da 'yan kai kawai ta yi a shekara kusan hamsin, kuma ta zauna kusan yadda ta fito daga kamfani. Irin wannan ba ta da yawa a duniya, kuma ranar an samu masu kuɗi da suka kafe a kanta, kowa ya ƙi sakar wa ɗan'uwansa. Farashinta na ita kaɗai ne, na wannan rana. Ita kuwa 240Z a matsayin ƙira ba ta taɓa yin ƙaranci ba. Kamfanin Nissan ya ƙera fiye da 150,000 tsakanin ƙarshen 1969 da 1973, mafi yawansu aka kai Amurka, inda ake sayar da sabuwa dala 3,526 a 1970. Arharta ce ma ta yi mata suna, sai kuma nasarar da ta yi a tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973.

A kwatanta da motocin da ake jin labarin miliyoyinsu. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka yi tsakanin 1962 da 1964, kowacce an san lambarta da hannayen da ta bi, shi ya sa ɗaya ta kai dala miliyan 48.4 a gwanjon Monterey na 2018. Mercedes 300 SLR mai rufi ta 1955, wadda aka sayar yuro miliyan 135 a Mayun 2022, biyu ce tak a duniya. Dillali yakan jera waɗannan sunaye tare da na Datsun a numfashi ɗaya, kamar 'yan ɗaki ɗaya ne. Mai sauraro kuwa sai ya ji cewa tsofaffin motoci gaba ɗaya hawa suke yi, alhali abin da ke riƙe farashin mota 36 ba zai riƙe na mota 150,000 ba.

Lokacin ma ya taimaka masa. Daga 2020 zuwa farkon 2022 ruwan bashi a Amurka kusan sifili yake, annobar korona ta zaunar da masu kuɗi a gida suna gwanjo ta waya, farashin agogo da takalma da tsofaffin motoci ya yi ta tashi. A nan Jidda an yi tseren Formula 1 na farko a bakin teku a Disambar 2021, maganar mota ta cika majalisu, matasa suka fara fito da motocin iyayensu suna jerawa daren Alhamis. Amma tun Maris ɗin 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara ruwa, har ya kai 5.25 zuwa 5.5 cikin ɗari a Yulin 2023, babban bankin Saudiyya kuma yana binsa sawu da ƙafa saboda ɗaurin riyal. Wanda zai ajiye kuɗinsa ya samu riba a zaune ba ya gaggawar sayen motar da sai ya biya mata haya. Ranar da Kawu ya ɗaga hannu, kasuwa ta riga ta fara watsewa, mu ne muke shigowa.

An taɓa yin haka. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a Agustan 1988, farashin motocinsa ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka ci bashi suna saye don su sayar, har F40 sabuwa ana cinikinta ninkin kuɗin kamfani. Zuwa 1991 kasuwar ta rushe, wasu suka yi shekaru kafin su ga kuɗinsu. Wannan tarihi a rubuce yake ga duk mai nema. Ban neme shi ba sai bayan aikin gama ya gama.

Lissafina

Kawu ya ce in duba masa a intanet ko maganar dillali tana da tushe. Na kwana biyu ina dubawa. Na tara tallace-tallace goma sha huɗu na 240Z daga Amurka da Turai da Dubai, na haɗa kuɗin na raba, na samu abin da ya haura riyal 300,000. Na ce masa idan tamu ta fi matsakaiciya kyau, kamar yadda ake faɗa, to 350,000 ba tsada.

Kuskure uku na yi a takarda ɗaya. Kusan duk lambobin da na tara kuɗin da masu mota suke nema ne, ba kuɗin da aka biya ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin suna da sallama. Mota mai tsadar da ta wuce ƙima ita ce take daɗewa a shafin talla, mai farashin gaskiya kuwa kwana kaɗan take yi a cire ta, don haka mai dubawa waɗanda suka ƙi sayuwa yake gani. Na kuma saka dala 310,000 ɗin nan cikin jerin, ita kaɗai ta ja matsakaicin sama da dubun dubata. Na uku, ban raba motocin bisa lafiyarsu ba. Kamfanin inshorar Hagerty na Amurka, wanda littafin farashinsa ya fi yawo a wannan harka, yana raba kowace ƙira hawa huɗu, daga ta ɗaya wadda za a iya kaiwa gasar nuni, zuwa ta huɗu wadda take tafiya amma aibinta a fili yake. Tsakanin hawa na ɗaya da na huɗu kuɗi yakan ninka sau da yawa, a mota iri ɗaya, shekara ɗaya. Na zuba su duka a kwano guda.

Har yau wannan takarda tana cikin fayil ɗin. Kawu bai taɓa yi mini gori a kanta ba, kuma hakan ya fi gorin nauyi a wurina.

Daren gwanjo

Ba a haraj, wato kasuwar gwanjo ta jama'a, aka yi cinikin ba. A wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, aka yi, arewa da gari ta hanyar Usfan, bayan isha'i, da gayyata. Mota bakwai aka jera ƙarƙashin fitilu, ana zagayawa da gahawa da dabino. Mutane ba su wuce talatin ba. Dillalin namu ne, Bahaushe haihuwar nan, yana kiran Kawu "Yaya Alhaji", ya san unguwar da aka haife shi, ya taɓa zuwa ta'aziyya gidanmu. Da Larabci yake magana da kowa, idan ya sunkuyo kunnen Kawu sai ya juya Hausa. Na daɗe ina tunanin wannan. A ƙasar da kake tsiraru, wanda ya yi maka magana da harshen uwarka ya riga ya tsallake rabin shingen da kake sa wa baƙo, kuma shi ya san haka.

Kafin a fara ya nuna mana takardu biyu. Ɗaya takardar ƙima ce mai hatimin wani ma'arad, wato wurin baje kolin motoci, tana cewa motar ta kai riyal 480,000. Ɗayar kuma jerin cinikin da aka yi a kanta ne tun shigowarta ƙasar: 190,000, sannan 280,000, sannan 350,000, duk cikin shekara ɗaya da rabi. Ga mai kallo, wannan mota ce da take hawa da kanta.

An buɗe a 250,000, ana ƙara goma goma. Mutum uku ne suke ɗaga hannu: Kawu, wani matashi mai farar shimaga, wato ƙyallen da Larabawa suke yafawa a ka, da wani da waya take manne a kunnensa, wanda aka ce yana saya wa wani attajiri a Riyad. Mun yi da Kawu a mota cewa 350,000 ce iyaka. Da aka kai nan na taɓa gwiwarsa, na ce, "Kawu, mun iso fa." Dillali ya sunkuyo ta ɗaya gefen ya ce, "Yaya Alhaji, goma ce tsakaninka da ita. Ka bar ta a kan goma, gobe ka ji an sayar miliyan?" Goma ta zama ashirin, ta zama saba'in. A 410,000 mai waya ya girgiza kai, matashin ya yi shiru, Kawu ya ce 420,000, aka tafa masa. Duk abin bai kai minti goma sha biyu ba. Ba wanda ya ɗaga motar ya leƙa cikinta, domin an ce ba a taɓa kayan gwanjo sai an saya. Cinikin biri a sama muka yi, da idonmu a buɗe.

Washegari aka biya, da la'adar dillali biyu da rabi cikin ɗari, riyal 10,500. A takardar ciniki akwai layi ɗaya da ke cewa mai saye ya gani ya yarda da ita a halin da take.

Wata ashirin a ɗaki

Dokar ƙasar nan ba ta barin a shigo da motar hawa da ta wuce shekara biyar, sai dai an keɓe motocin tarihi da suka haura shekara talatin. Ta wannan ƙofa tamu ta shigo, kuma katin kwastan ɗinta ya nuna ba ta hawa titi ba ce. Duk inda za ta sai a kan sadaha, motar ɗaukar mota. Iskar Jidda kuwa gishiri ce da laima, tana cin tsohon ƙarfe kamar gara, don haka aka kama mata wuri mai na'urar sanyi, riyal 1,500 duk wata. Kadara ce mai ci ba ta haihuwa. Gida yana kawo haya, shago yana kawo ciniki, ita kuwa duk fatan yana kan mutum ɗaya da zai zo wata rana ya biya fiye da abin da ka biya.

Ƙarshen 2023 aminin Kawu ya bukaci kuɗinsa don ya sabunta motocin alhazai. Aka kira dillali, ya ce kasuwa ta ɗan yi sanyi, a jira. Aka sa talla a 520,000, ba wanda ya kira. Aka sauko 450,000, aka sauko 390,000. Masu zuwa gani kaɗan ne, kuma na lura da wani abu: waɗanda suka san motar ba sa daɗewa. Su buɗe boneti, su haska fitilar waya a wuri ɗaya ko biyu, su yi godiya su tafi. Tayi uku aka yi mana a wata huɗu, 135,000 da 150,000 da 160,000, daga mutanen da ba su san juna ba. A nan ne jikina ya ba ni cewa maganar ta wuce sanyin kasuwa.

Abin da Baba ya gani

Baba tsohon makanike ne, Bahaushen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ya zo Jidda tun shekarun 1970 ya yi ta gyaran Datsun har ƙarfinsa ya ƙare. Lokacin cinikin yana Sudan wajen dangi, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rutsa da shi, da ƙyar ya dawo ta Port Sudan. Ba mu so mu dame shi da maganar mota ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Kawu da kansa ya je ya ɗauko shi.

Bai kunna motar ba. Maganaɗisu ya fito da shi daga aljihu, ya naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti, ya fara bin jikinta. A ƙofa ya kama, a rufi ya kama. A bayan tayar gaba da gindin ƙofa ya zame ya faɗo. "Nan ba ƙarfe ba ne, Alhaji, ma'ajun ne," in ji shi, wato cikon da masu gyaran bodi suke shafawa. Ya sa aka cire batir, ƙarƙashinsa duk faci ne. Aka ɗaga motar, sai ga daben ƙasa an yanke an yi waldar wani, waldar ma ba ta gwani ba. Ya ce waɗannan wurare uku su ne makasar 240Z, duk wanda ya san ta nan yake fara dubawa.

Daga nan ya koma lambobi. A ɗakin injin 240Z akwai ƙaramin faranti da kamfani ya buga lambar shasi da lambar injin da aka haifi motar da shi. Shasin ya dace, yana farawa da HLS30 kamar yadda ya kamata ga mai sitiyari a hagu. Injin asali L24 ne, lita 2.4, silinda shida. Baba ya goge wani ɗan fili a gefen dama na injin da tsumma, ya ce, "Yaro, idonka ya fi nawa, karanta mini." L28 na gani. Injin wata Datsun ce ta baya, mai lita 2.8, aka ɗora masa kafireto biyu irin na asali don ya yi kama. Ga mai son gudu wannan injin ya ma fi ƙarfi. Ga mai ajiya kuwa, motar da ta rabu da injin haihuwarta ta fita daga sahun gaba har abada.

Sauran ya fi ciwo, domin ya nuna niyya. An sayar mana da ita a matsayin rukunin farko, wanda ya fi daraja, wanda ake ganewa da ƙananan tagogin iska biyu a murfin baya. Kamfani ya daina wannan siffa a farkon 1971, ya mayar da mafitar iskar gefen rufi. Farantin da ke jikin ƙofar direba ya nuna an ƙera tamu a tsakiyar shekarar. Murfin bayan na wata motar ne aka ɗaura mata, aka toshe ramukan gefe aka shafe. Da aka ɗaga tayar ajiya, sai ga launin asali a ƙasa, ruwan lemo. An mayar da ita koriya ne don ta yi kama da wadda ke cikin hoton. Mita tana nuna mil 38,000, amma gurbi biyar gare ta, idan ta kai 99,999 sai ta koma sifili. Baba ya shafa ƙarfen totur da na birki, ya girgiza kujerar direba, ya ce, "Wannan ta zagayo aƙalla sau ɗaya."

Kawu ya tambaye shi, murya ƙasa ƙasa, "Baba, to motar banza ce ke nan?" Ya ce, "A'a, Alhaji. Mota ce mai daɗin tuƙi, wanda ya saye ta ɗari da hamsin ya yi dace. Labarin da aka ɗora mata ne ba nata ba, kai kuma labarin ka biya."

Takardun

Da na koma kan takardun da idon da ya buɗe, ba su ɗau lokaci ba. Ma'arad ɗin da ya rubuta ƙimar 480,000 yana da kaso a cinikin, kuma wanda ya sa hannu ba ya cikin masu ƙima da Taqeem, hukumar masu ƙima ta Saudiyya, ta ba lasisi. Mai sayarwa ne ya yi wa kayansa kuɗi ta bakin wani. Cinikin nan uku da suka nuna motar tana hawa, na farko ne kawai na gaske. Na biyu tsakanin mai motar da abokin kasuwancinsa aka yi, na uku tsakanin abokin da surukin mai motar. Takarda ce take yawo, motar ba ta bar ɗakin da take ba.

Matashin nan mai farar shimaga, Allah ya sa ƙanin wani abokina ya san shi. Da aka zaunar da shi bai yi gardama ba. Riyal 2,000 aka ba shi ya ɗaga hannu har 400,000 sannan ya tsaya. Mai wayar kuwa ba kowa a ɗaya ƙarshen layin. Kawu shi kaɗai ne mai saye a ɗakin nan, da kansa yake ta tsere.

Wannan dabara tana da suna a shari'a tun kafin a ƙera mota. Najashu ake ce mata: mutum ya ƙara kuɗin kaya ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. Gwanjo kansa halal ne, kowa ya yi tayinsa a fili. Tayin ƙarya ne haramun, kuma a mazhabar Malikiyya idan mai kaya yana da masaniya a kai, mai saye yana da zaɓin mayar da kayan. A ganina wannan shi ne babban rauni a kasuwar tsofaffin motoci ko'ina take: masu saye kaɗan ne, ciniki jefi jefi ne, kowace mota dabam take da 'yar'uwarta, don haka mutum uku da suka haɗa baki za su iya ƙera farashi a dare ɗaya. Buhun shinkafa ba ya yarda da haka, domin shago na gaba zai ƙaryata ka.

Sulhu da rabon asara

Na so a je kotu. Kawu ya ƙi. Ya ce layin nan na "ya gani ya yarda" zai ja shari'ar ta yi tsawo, matashin ba lallai ya maimaita maganarsa gaban alƙali ba, kuma dillalin ɗan gida ne, mahaifiyarsa da Inna tare suke zuwa walima. Ban gamsu ba, kuma har yanzu ina ganin rufin asirin da muke yi wa juna a irin wannan shi ne yake ba na gaba damar cutar wani. Amma kuɗinsa ne da mutuncinsa.

Wani malami dattijo daga cikin jama'armu ya zaunar da su sau uku. Mai motar ya ƙi karɓar ta, ya dage cewa shi ma 350,000 ya saya, har aka ajiye masa takardar surukinsa a gaba. Ƙarshe ya mayar da riyal 90,000, dillali ya mayar da la'adarsa 10,500, ya zo shago ya durƙusa ya ba Kawu haƙuri.

Mun yi tunanin fitar da ita Amurka, inda masu sonta suka fi yawa. Lissafi ya hana. Manyan gidajen gwanjo na can suna ɗora wa mai saye kashi 12 cikin ɗari a kan dala 250,000 na farko, don haka mai dala 45,000 a aljihu tayin 40,000 zai yi, wato riyal 150,000, kuma daga ciki za a cire kuɗin jirgin ruwa da inshora da kason gidan gwanjo. Sai muka rubuta talla ta gaskiya, da injin L28, da facin dabe, da launin asali, da hotunan komai. Cikin kwana tara wani mutumin Riyad ya zo da makanikensa, suka yini a ƙarƙashinta, ya biya 155,000. Ya ce tuƙa ta zai yi a filin tsere, injin ma ya fi masa.

Abin da ya fita: 420,000 na mota, 10,500 la'ada, 30,000 haya, 9,500 na sadaha da batir da taya da dubawa, jimla 470,000. Abin da ya dawo 255,500. Asara 214,500. Malam ya ce a tarayya asara tana bin gwargwadon jarin kowa, don haka aminin Kawu ya ɗauki dubu 61 da 'yan kai, Inna kusan dubu 41, Kawu dubu 112 da ɗoriya. Aminin ya karɓa bai ce uffan ba, sai dai ya rage zuwa shago. Kason Inna kuwa Kawu ya ce shi zai ɗauka. Ta ce ba ta yarda ba, ita ta kawo kanta. Ya ce, "Yaya, da bakina kika ji maganar riba. Ki bar ni in iya kallon 'ya'yanki." Ya ba ta 80,000 cif.

Bayan babbar sallar 2024 na kai ta kasuwar zinariya a Balad. Lokacin da ta sayar da awarwaronta, oza ɗaya ba ta kai dala 1,700 ba a kasuwar duniya. Ranar da muka koma ta haura 2,300, ga kuɗin ƙira, ga harajin kashi 15 cikin ɗari. Mai shagon ya auna, ya danna na'urar lissafi, ya jera mata bakwai a kan tire. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta ware bibiyu ta kira sunan kowace 'ya tata, ta sa na bakwai a hannunta, ta ce in kira direba kada magariba ta same mu a hanya.